Uwar Aro

Takardu uku ya shimfiɗa mana a kan tabarma, kowace da hoton makaranta mai sheƙi. Ejan ne, irin masu ofis a bakin titi da ke nema wa yara makaranta a ƙasashen waje. Ya zo gidana a Ketaren Gwari bayan la'asar, yana ƙamshin turare, yana ta ce mini Baba Alhaji alhali ban taɓa taka Makka ba. Ban gyara masa ba.

Jikata ce za a kai. Ubanta, ɗana na fari, ya rasu a hatsarin mota tana ƙarama. Ya bar fili a Gidan Kwano, wanda ya saya tun wurin yana gonakin doya, kuma da jami'a ta cika wurin da ɗalibai sai filin ya yi daraja. Na tara iyali na ce wannan dukiya ba za ta tafi a tuwo da biki ba, yarinyar nan za ta yi karatun da ba a taɓa yi a zuriyarmu ba. Uwarta ce ta fara cewa a haɗa da nata rabon gadon. A riƙe wannan, don har yanzu idan na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Ni aji huɗu na yi a firamare. Na tsufa a aikin reluwe ina jin ciwon layin dogo da kunnena tun kafin a gani da ido, amma yaran da suka iya rubuta rahoto da Turanci su ne suka riƙa haye kaina ɗaya bayan ɗaya. Na yi ritaya da wannan miki. Don haka da ejan ya ce makarantun nan uku Turanci zalla ake yi, ko a wurin cin abinci, sai na ji kamar ya sosa mini inda yake ƙaiƙayi.

Surukata, uwar yarinyar, 'yar Gbagyi ce daga wani ƙauye a bayan Gidan Kwano. Ba ta yi boko ba. Doya take sayarwa a kasuwa. Da mijinta ya rasu danginta sun zo ɗaukarta, ta ce ba za ta raba marainiya da gidan ubanta ba. Ta ɗauki al'adarmu ta kunyar ɗan fari har ta fi matanmu riƙe ta. Ban taɓa jin ta kira sunan 'yarta ba. Sai dai ta ce "waccan" ko "'yar gidan nan." Idan aka yabi yarinyar a gabanta sai ta sunkuyar da kai kamar ba da ita ake ba.

Ranar da ejan ya zo ta zauna a bakin ƙofa, ƙafarta ba ta hau tabarmar ba. 'Yata, gwaggon yarinyar, wadda ke aikin ofis a jami'a, ita ce ke karanta mana takardun. Can sai surukata ta yi gyaran murya.

"Baba, ku tambaye shi, wa yake kwana da yaran?"

Ejan ya ce akwai masu kula.

"In ciwo ya kama yaro, wa ake kira?"

"Iyaye mana, Mama."

"To wacce ce a ciki mota take zuwa?"

Ɗaya ce kawai, ta ƙasar Gana. Ta miƙo hannu ta ɗora yatsa a kanta. Ejan ya yi dariya ya ce, "Haba Mama, wannan ai kamar kin kai ta Kaduna ne. Malaman duk irinmu ne." Ya turo mini ta uku, ta ƙetaren teku, wadda sai jirgi biyu ake kai wa gare ta. A hoton akwai ciyawa kore shar, da wani Bature mai gilashi yana dafa kafaɗar yaro. Ban tambayi abin da ake koyarwa ba. Ban tambayi ko akwai asibiti kusa ba. Na ga Bature na ga ciyawa, na ce ita ce.

Surukata ta ce, "Baba, ta yi nisa."

Na ce mata, "'Yar nan, ba doya ake zaɓa a nan ba."

Aka yi dariya. Har ejan. Ta janye yatsanta ta ce, "Yadda Baba ya ce."

Bayan mako biyu ya dawo da wata magana. Ya ce makarantar za ta gana da yarinya da uwarta ta wayar bidiyo, kuma sun fi son yaran da suka fito daga gidan da ake jin Turanci. Ya faɗi haka yana kallon surukata da ke tankaɗe a tsakar gida, sannan ya kalli 'yata. Bai ƙara kalma ba. Ni na ƙarasa masa. Na ce gwaggo ai uwa ce, a rubuta sunanta a fom.

'Yata ta ce, "Baba, wannan fa ƙarya ce."

Na daka mata tsawa. Na ce a gidan nan ba 'yar uwata ce ta riƙe ta har ta yi wayo ba? Yaushe riƙo ya zama ƙarya? Na san abin da nake yi. Riƙo daban, share sunan uwa daga takarda daban. Kuma na san macen da ba ta iya furta sunan 'yarta a gabana ba za ta iya miƙewa ta ce "ni na haife ta" ba. Kunyar da ta ɗauka don girmama gidana, da ita na ɗaure mata baki. Wannan shi ne abin da ya fi ƙona mini rai.

Ranar ganawar muka aro littattafai daga wani malamin makaranta maƙwabcinmu, muka jera a bayan kujera. Na ce wa surukata ta zauna a madafa, kuma kada ta yi daka, kada ƙarar turmi ta shiga waya. Jikata, mai shekara goma sha uku, ta zauna a kujerar, 'yata a gefenta. Wata mata daga makarantar ta bayyana a fuskar wayar tana murmushi, ta tambayi jikata wace ce a gefenta. Turancina bai taka kara ya karya ba, amma na san kalmar uwa. Na ji yarinyar ta faɗa. Kafin ta faɗa sai da ta kalli ƙofar madafa.

Da aka gama na ce wa jikata cikin wasan da muka saba, "Amarya, yau kin fitar da angonki kunya."

Ta ce, "Tsoho, na fasa auren." Ba ta yi dariya ba.

Sai maganar kati. Akwai wani tsohon katin asibiti da surukata ke ajiye da shi a cikin leda tun yarinyar tana goye. An yi rubutu da jan biro a samansa. Ranar da ake haɗa kaya ta cusa shi a aljihun akwati, ta ce kada ya rabu da ita. Ejan ya riga ya gargaɗe ni cewa kada wata takarda mai ɗauke da sunan wata uwa daban ta bi yarinyar, don in an gani za a koro ta. Sunan surukata na jikin katin. Na jira suka fita sallama da maƙwabta, na zare shi, na kulle a akwatina na ƙarfe tare da takardun ritayata. Ban nemi a karanta mini jan rubutun ba.

Ta tafi. A majalisar ƙofar masallaci na zama babban mutum. "Kakan Baturiya ya iso, a ba shi wuri!" Ina jin daɗi kamar wawa. Sakamakon jarrabawa yana zuwa wayar 'yata, gaisuwar makaranta tana zuwa wayar 'yata. Uwar kuwa sai ranar Lahadi take jin muryar 'yarta, muryar kawai. Daga baya na ji dalili. Yarinyar ba ta yarda ta kunna hoto ba sai in ta kulle kanta a banɗaki, don kada abokan ɗakinta su tambaye ta wace ce wannan matar. Shekara biyu tana ɓoye uwarta a banɗaki. Ni na koya mata.

A shekara ta biyu, wata safiyar Talata, 'yata ta kira ni daga ofis. Ciwon ciki ya kama yarinyar, likitoci sun ce sai an yi mata aiki a ranar. Sun nemi izinin uwa, ta bayar. Sun tambaye ta ko akwai maganin da jikin yarinyar ba ya karɓa, ta ce babu, don ba ta san da shi ba. Ta ce, "Baba, a faɗa wa uwarta." Na ce a bari sai an gama, kada hankalinta ya tashi a kasuwa. Hankalinta nake ji ko asirina nake rufewa? Allah ya sani, ni ma na sani.

Aikin ya yi kyau. Allurar da aka yi mata bayansa ce ta kusa kashe ta. Fuska ta kumbura, numfashi ya ƙi fita, sai da aka kai ta ɗakin da ake sa wa mutum na'ura. Washegari da azahar 'yata ta faɗo gidan ba sallama, mayafinta a hannu. Surukata ta dawo daga kasuwa ke nan, tana sauke kwando. 'Yata ba ta ko kalle ni ba. Ta durƙusa a gabanta ta faɗa mata komai, ta ce likita yana son sanin ko hakan ta taɓa faruwa.

Surukata ta ce, "Ta taɓa mana, tana wata takwas. Ai an rubuta a kati. Katin yana aljihun akwatinta, ku ce su duba."

Ba wanda ya motsa. Na tashi na shiga ɗaki na buɗe akwatin ƙarfe. Na fito da ledar na miƙa. 'Yata ta karanta jan rubutun a fili. Sunan maganin ne, da gargaɗin kada a sake ba ta.

Surukata ta daɗe tana kallon katin. Da ta ɗago, karo na farko ke nan da ta dube ni ido cikin ido tun da aka kawo ta gidan nan.

"Baba, kun ce doya na iya zaɓa. Gaskiya ne. Ina ɗaga ta in juya, in danna, in ga inda ta ruɓe kafin in ɗauka. Ku me kuka juya? Kun sa ni a madafa na shiga. Kun hana ni daka na bari. Shi ma katin me ya yi muku?"



Na ce wa 'yata ta kira makarantar. Matar nan mai murmushi ce ta ɗauka. Na zauna a gaban wayar na faɗi komai da Hausa, 'yata tana juyawa. Na ce wadda suka sani ba ita ce uwar ba, ga uwar nan, ni na ɓoye ta saboda ba ta jin Turanci. Na ce in kora ce a kore ni, yarinyar umarnina ta bi. Murmushin matar ya tafi. Sannan ta ce iyayen yara da yawa a makarantar ba sa jin Turanci, akwai masu yi musu tafinta, kuma ba wanda ya taɓa sa wannan sharaɗin. Wato duk littattafan aro, duk madafar, duk katin, a banza.

Daga baya na taka har ofishin ejan da sandata. Ya ce, "Baba Alhaji, ai dai ta samu shiga ko?" Na ce masa ni ba Alhaji ba ne, na kuma faɗa masa abin da ba zan rubuta a nan ba. Ina jin haushinsa har gobe, shi da duk masu cin abinci da jin kunyar da muke yi wa kanmu. Amma ba shi ya zare katin ba.

A ranar da na fito da katin dai, bayan an aika wa likita hotonsa, sai aka haɗa mu da ɗakin asibitin. Ga jikata a kwance, fuska ta fara sacewa, nas biyu a kanta. 'Yata ta miƙo mini wayar bisa sabo. Surukata ta sa hannu ta karɓe kafin ta iso gare ni. Ta riƙe ta da hannu biyu, ta kira sunan yarinyar. A gabana, a gaban gwaggo, da ƙarfi har maƙwabta suka ji. Ta sake kira. Ta sake kira na uku. Yarinyar ta buɗe ido ta ce "Mama," sannan ta juya ta faɗa wa nas ɗin wata magana da Turanci. Na sake jin kalmar nan da na sani.

Ta warke. Makarantar ta gyara takardunta, ba a kore ta ba. Da aka zo maganar ko ta dawo ko ta ƙarasa, ba wanda ya tambaye ni, kuma daidai ne. Uwar ta sa aka yi mata tafinta, ta yi wa matar makarantar tambayoyinta na farko ɗaya bayan ɗaya: wa ke kwana da su, wa ake kira. Da ta gamsu ta ce ta ƙarasa.

Har yanzu surukata ke kawo mini abinci, tana durƙusawa ta gaishe ni. Amma ban ƙara jin "yadda Baba ya ce" daga bakinta ba. Ranar Lahadi tana zama a tsakiyar tsakar gida da wayarta, hoto a kunne, turmi a gefe, tana kiran sunan 'yarta yadda ta ga dama. In an gama wani lokaci takan ce, "Ga kakanki." Jikata ta ce, "Ina wuni, Kaka," cikin ladabi, kamar tana gaida baƙo. Rannan na gwada na ce mata amarya. Ta ce, "Kaka, ba Mama wayar."