Yadda Lunga Ya Koma Tama

Ranaku da yawa na wannan aiki sun shige mini, amma ban taɓa mantawa da ranar da Fuseini ya kira ni ya ce sunan aikinmu ya daina zama namu ba. Ku da kuka shigo daga baya kun tarar ana cewa Tama, wasunku ma sun ɗauka da shi aka fara. Tunda kun tambaya, bari in ba ku labarin yadda aka yi.

Saboda wanda ba ɗan sana'a ba, sai in fara da abin da muke ginawa. Mai rubuta manhaja yana rubutu ne da kalmomin da mutum zai iya karantawa, ita kuwa na'ura ba ta jin wannan yare. Don haka akwai wata manhaja a tsakani, mai ɗaukar rubutun mutum ta juya shi zuwa abin da na'ura ke ganewa. Mu kompaila muke ce mata. Tamu ƙarama ce, don ɗalibai aka yi ta: yaro ya rubuta umarni da Hausa ko da Dagbani, yaren Dagomba, ta juya masa, ya ga abin yana aiki a tsohuwar kwamfutar makaranta. Kuma buɗaɗɗen aiki ne. Duk rubutun yana intanet, kowa na iya karantawa, ya ɗauka kyauta, ya gyara, ya turo gyaran a duba, haka lasisin aikin ya tanada.

Mu biyu muka fara, a wani ɗan ɗaki bayan shagon tela a unguwar Zogbeli, cikin Tamale. Fuseini ɗan Dagomba ne, haifaffen unguwar Changli, malamin lissafi. Ni kuma, Awudu, ɗan zongo ne, wato unguwar Hausawa, da rana ina gyaran kwamfutoci a wani ofis. Bayan la'asar muke haɗuwa. In an ɗauke wuta mu jawo benci ƙofar shago, mu aika a sayo mana ƙosai, mu ci gaba da aikin a baki, telan yana taka kekensa yana mana dariya wai mu biyu ba mu taɓa yarda da juna a kan komai ba. Gaskiyarsa ne. Fuseini mai sauri ne, ni mai jan ƙafa, amma abin da ya tsallake hannunmu mu biyu ba ya lalacewa. Shi ya raɗa wa aikin suna Lunga, wato gangar nan da makaɗan Dagomba ke matsewa a hammata, 'yar'uwar kalangu, mai maimaita maganar mutum da wata murya.

Aiki ya girma, mutane suka shigo daga Kumasi da Accra har da ƙasashen waje. Ana nan sai wani kamfani a Turai mai yin kayan koyarwa ya ga aikin, ya ɗauki Fuseini. Ni na kai shi filin jirgi a kan babur ɗina, jakarsa a tsakaninmu. Da farko kusan kullum sai ya turo gyara. Daga baya ya koma sai ƙarshen mako, daga nan kuma sai gaisuwar salla.

Ranar da nake ba ku labari, ina ofis da safe wayarsa ta shigo. Muka gaisa, na ji gaisuwar ta yi tsawo fiye da yadda ya saba.

"N zo," in ji shi, haka yake kira na da yarensu, wato abokina. "Akwai magana. Kamfaninmu ya yi wa sunan Lunga rajista. Za su fitar da nasu na sayarwa."

Na ce, "Da iznin wa?"

"Da nawa. Ka san adireshin shafin da sunana aka buɗe shi tun farko. Yana cikin takardar ɗaukar aiki da na sa wa hannu. Rubutun ba wanda zai taɓa muku, lasisin ya kare shi. Amma sunan, lauyoyinsu sun ce ku sauke shi kafin a koma makaranta."

Ba lauyoyin ne suka dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne "ku" ɗin nan. Tun da muka fara ban taɓa jin ya ce "ku" a kan wannan aiki ba, kullum "mu" ne. Na ce masa na ji, muka yi sallama.

Abin ba wasa ba ne. In ba mu sauya suna ba, masu shafin da muke ajiye aikin na iya rufe mana shi, malaman da ke koyarwa da shi kuma su wayi gari babu inda za su tura ɗalibai. A lokacin ni ne mai riƙo, wato wanda ke karɓar gyara ko ya mayar da shi, kuma shi ke jagorantar shawara. Ƙa'idarmu ita ce duk babbar magana a fili ake yin ta: a buɗe shafi, kowa ya kawo ra'ayi da sunansa, sannan duk wanda aka taɓa karɓar gyaransa, ko na harafi ɗaya ne, yana da ƙuri'a. Na buɗe shafin, na rubuta abin da ya faru ba ƙari ba ragi.

Kafin mako ya zagayo mun rabu gida uku. 'Yan zongo suka ce a sa Tafinta. 'Yan Dagomba suka ce da sunan Dagbani aka haife shi, ba za a ƙwace musu suna a waje sannan a sake ƙwace musu a gida ba. Na kudu da na waje suka ce a sa na Turanci wanda kowa zai iya faɗa. Wanda ya fi kowa zafi shi ne Mutaru, shi ma ɗan Dagomba, injiniyan da ya gaji ɓangaren Fuseini, kuma Fuseinin ne ya koya masa aikin. Sunan da ya kawo, ma'anarsa abin da aka ƙwato daga hannun ɓarawo. Ya kuma rubuta cewa in aka sa sunan Hausa, shi da mutanensa za su kwafi aikin su ci gaba da nasu daban. Lasisi ya ba shi wannan dama, kuma na san in ya tafi da rabin ƙarfinmu zai tafi.

Malama Hajara, wadda ke koyar da 'yan mata da kompailar a wata sakandare a Sagnarigu, ta tare ni bayan Juma'a ta ce, "Yaya Awudu, ni ko Tukunya kuka sa masa ban damu ba. Ku ba ni abin da zan rubuta a allo ranar da yara suka dawo. Kai fa ba ka kawo ko suna ɗaya ba."

Ban kawo ba. Duk sunan da na gwada a bakina sai in ji kamar ina kiran baƙo. A kwanakin nan sau da yawa nakan bi ta Zogbeli in zan koma gida, alhali ba hanyata ba ce. Telan ya tashi, ɗakin ya zama wurin ajiyar buhunan gawayi. Sai in rage gudu in duba, in wuce.

Wata Lahadi da rana, farkon damina, ana ruwa, Fuseini ya sake kira. Ya ce yana karanta duk abin da ake rubutawa, har da na Mutaru. Can ya ce, "Ruwa nake ji a kan kwano?"

Na ce ruwa ne.

"To tama ta fara faɗowa ke nan." Tama da Dagbani 'ya'yan kaɗanya ne. "N zo, a nan man kaɗe yana cikin kwalabe masu tsada a kowane kanti, amma ban haɗu da mutum ɗaya da ya taɓa shan ɗan itacen ba. Na gaya wa abokin aikina ana sha, yana da zaƙi, bai yarda ba. Jiya na yi mafarkin matan nan da ke shigowa da shi a kwano ta hanyar Kumbungu."

Na ce masa mu kuma a Hausa tama ita ce dutsen da maƙera ke narkawa su fitar da ƙarfe. Ya ce bai taɓa sani ba. Nan take mu duka muka gane mun sami suna. Fuseini ya riga ni faɗa.

"Ka kai shi shafin. Amma ka ce naka ne. In suka ga sunana za su ƙi shi."

Na so in yarda, don na san ya fi sauƙi. Amma na ce, "Fuseini, ni da kai muka rubuta ƙa'idar nan a kan benci. Kowa da sunansa. In kana son sunan, ka kawo shi da kanka."

"Za su zage ni."

"Za su zage ka. Amma ka zo."

Sai ana gobe za a rufe karɓar sunaye ya rubuta. Gajeren rubutu ne. Ya ba da ma'anar kalmar a harsunan biyu, ya ce bai karanta takardar da ya sa wa hannu yadda ya kamata ba, ya kuma nemi afuwa.

Ranar Asabar muka taru a ajin Malama Hajara, na nesa suka shigo ta waya. Fuseini bai shigo ba. Mutaru ya miƙe, ya kira ni Massa, wato maigida, ya ce, "Massa Awudu, mutum ya sayar da ɗaya, kuma shi zai raɗa mana wani? A cire sunan nan daga jeri."

Na ce ba zan cire ba. Ƙa'ida ta ce wanda aka taɓa karɓar gyaransa yana da baki, kuma babu wanda aka karɓi gyaransa kamar Fuseini. In ba ku son sunan ku kayar da shi da ƙuri'a, wannan haƙƙinku ne. Sannan na kawo abin da na kwana biyu ina tunani: duk sunan da ya ci, ba za a sake rubuta shi da sunan mutum ɗaya ba, ko ni ne. Za a damƙa shi a hannun amintattu daga kowane ɓangare, kuma ina so Mutaru ya zama ɗaya daga ciki. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya zauna.

Malama Hajara ta je allo ta rubuta TAMA da alli, ta koma baya ta kalle shi, ta ce ko ɗalibar da ta shigo jiya za ta iya rubuta wannan. Aka kaɗa ƙuri'a, Tama ya ci. Mutaru bai zaɓe shi ba, ya faɗa a fili, amma bai tafi ba. Fuseini kuwa bai kaɗa tasa ba.

Cire tsohon suna daga rubutun kuwa, aikin mai riƙo ne. Akwai umarnin da zai sauya shi ko'ina a lokaci guda, amma na bi fayil-fayil da hannu, na ce wai don kada a yi kuskure. A ciki na riƙa cin karo da saƙonnin da Fuseini ya rubuta wa ɗalibi in ya yi kure. In yaro ya buɗe baka, wato alamar ( ) ta rubutu, bai rufe ba, kompaila takan ce masa, "Ɗan'uwa, ka shigo ba ka rufe ƙofa ba." Da muryarsa na ji shi. Na sauya sunan da ke saman fayil ɗin, saƙon kuwa na bar shi yadda yake, har yau shi ɗalibai ke gani. Kafin a koma makaranta sabon shafi ya tsaya.

Bayan wasu watanni wani ɗan gyara ya shigo daga Fuseini, a ranar hutunsa ya yi shi. Ya shiga layi kamar na kowa, kuma Mutaru ne mai duba wannan ɓangare. Ya mayar masa da shi, ya ce akwai wurin da bai gwada ba. Fuseini ya gyara ya sake turowa. Mutaru ya karɓa, ya rubuta kalma ɗaya a ƙasa: Amaraaba. Da yarensu, maraba ke nan.

Abin da na koya shi ne, a wannan sana'a mun iya kare rubutu da lasisi, amma mukan manta cewa mutane a kan suna suke ɗora zuciyarsu, don haka shi ma a tsare shi tun kafin a fara neman sa. Na kuma koyi cewa masu aikin sa kai tafiya suke yi. Wani aiki zai ɗauke shi, wani aure, wani gajiya, kuma ba duka ne za su tafi da kyau ba. Kada ku rubuta ƙa'ida ranar da kuke fushi da wanda ya tafi, ku riƙe wadda kuka rubuta lokacin kuna tare.

Fuseini bai dawo Tamale ba har yanzu. Yakan turo gyara jefi-jefi. In na ga sunansa a layi ba na buɗewa nan da nan, sai na gama na kowa tukuna, in ja kujera in karanta nasa a hankali.