Babban Yaya a Gonar Kwamfuta

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, aikin kammala karatuna ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Malamin da ke duba ni ya ce in bai yi aiki kafin ƙarshen hutu ba, sai na maimaita shekara. Na kwaso kwamfutata na dawo gida Ruwan Godiya, na ce ko ni ko shi.

Gona na zana a cikin kwamfutar, na zuba mata ƙananan ma'aikata na ƙirƙirarriyar basira. Aikinsu girbin dawa: a yanke, a ɗaure dami, a kai rumbu. Ana so su koyi raba aikin a tsakaninsu, duk damin da ya shiga rumbu su sami maki. To ni 'yar gidanmu ce. Ko tunani ban yi ba na ba wanda na fara rubutawa shugabanci, don shi ne babba, sauran kuwa sai da umarninsa za su motsa. A gidanmu ko tuwo ba a sa wa hannu kafin yaya.

Dawa ta yi ta zubewa. Ƙannen suna tsaye cirko-cirko suna jiran babba, shi yana can kusurwar gona yana zagaye. Na ƙara masa horo, na kai kwamfutar caji, na dawo na sake ƙarawa, abin haushi ba abin da ya canza.

Innata tana tankaɗe ta ji tsakina ya yi yawa, ta tambaya, na yi mata bayani.

"Ai daidai kika yi," in ji ta. "Babba babba ne, ko a ina yake."

Maganar ta yi mini daɗi, amma ba Inna ce za ta sa hannu a aikina ba. Na goge shugabancin, ina jin kamar na yi wa wani rashin kunya.

Da farko duk suka afka wa yanka, ba mai ɗauri. Na daure ban taɓa su ba. A hankali wani ya tsaya kan ɗauri, wasu suka kama hanyar rumbu, ba wanda ya sa su. Rumbu ya fara cika.

Na nemi babban. Yana can baya yana kala, yana tsintar zangarniyar da ƙannensa suka yar. Tausayinsa ya kama ni sosai, har na kai hannu zan mayar masa da girmansa. Na janye hannun, na tura wa Malam aikin a haka.