Tuffar Baba Agogo

Shekara talatin Baba Agogo ya yi yana gyaran agogon mutane, sai ga waya ta zo ta koya wa kowa duba lokaci kyauta. Ya rufe shago ya koma ɗakinsa a hawa na biyu, inda agoguna tara ke bugawa a bango, babu wanda zai ce musu sannu sai shi. Matarsa ta rasu shekara huɗu ke nan.

Auta, 'yarsa ɗaya tilo, takan zo ƙarshen wata da jikarsa mai shekara shida. Yarinyar jikinta ba ya son ƙwai, ko kaɗan ta ci sai fuska ta kumbura, don haka ba ta taɓa cin komai a gidan kakanta ba. Ruwa ma da nasu suke zuwa. Abin yana cinsa a rai, bai dai taɓa faɗa ba.

Rannan Auta ta turo masa yadda ake kek da markaɗaɗɗiyar tuffa maimakon ƙwai. Fulawa giram ɗari biyu da hamsin, tuffa ma haka. Baba ba shi da sikelin kicin, kofin awon marigayiya kawai. A jikin ledar fulawa an rubuta kofi ɗaya giram ɗari da ashirin da biyar ne. Shi kenan, lissafi ya fita: fulawa kofi biyu, tuffa kofi biyu. Mutumin da ya saba da ƙusar da sai da tabarau ake ganinta, kek ne zai gagare shi?

Abin da ya fito, sai dai a liƙe taga mai yoyo da shi. Ya sake, ya ƙara wuta. Sama ta ƙone, ciki na rawa. A karo na uku ya cika kofin da tuffa ya sauka wajen wata mai kemis a ƙasan benen, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da jariri.

"Baba, wa ba lafiya?" in ji ta.

"Kek ne, 'yata. Yana kwance rai a hannun Allah. Auna mini wannan."

Ta juye a leda ta ɗora kan sikeli. "Ɗari biyu da arba'in da biyar. Nawa kake zubawa?"

"Biyu."

"Haba Baba! Fulawa ai rabinta iska ce, tuffa kuwa ruwa ce tsagwaronta. Kofi ɗaya, ka ƙara ɗan cokali."

"To. Kada ki gaya wa kowa."

Ya hau matakala yana tunanin wa za ta gaya wa ma.

Ranar Asabar suka zo, sabon kek na jiran su. Auta ta tsare shi da tambaya kamar 'yar sanda. An wanke kwanon? Man fa, wane iri ne? Ta gutsira ta ɗanɗana, ta daɗe tana taunawa, sannan ta miƙa wa yarinyar yanki ɗaya.

"Amarya, ya kika ji girkin mijin naki?" ya tambayi jikar.

"Gefen ya yi tauri."

"Ke dai da ma ba kya yabona."

Ta cinye, ta miƙo faranti a ƙara. Auta ta duba waya ta ce sai dai a mota, suna da wajen zuwa. Ya naɗe musu sauran duka, ya raka su bakin matakala, ya tsaya yana jin muryar yarinyar tana sauka, baki cike, har ƙofar ƙasa ta rufe.