Igiyar Maƙeri da Kwamfutar Uwar Sadiku

Muna yara a Aujara, da an idar da sallar magariba kakarmu Iya takan hura wutar kara, mu kewaye ta. Kakanmu Baba Tsoho kuwa yana can gefe kan buzu, hannun damansa cikin riga. Iya ta gyara zama ta ce, “Ga ta nan tafe, mai tsoron jini ya tafi wajen uwarsa.” Ba mai tashi.

Akwai tatsuniyar da ta fi maimaita mana, ta maharbin da ɓauna ta addabi garinsu. Ta farke cikin mai noma, ta tattake mai ɗiban ruwa. Maharbi ya sa maƙeri ya ƙera masa sabuwar bindiga, ya ɗauko tsohon albarushin da ya gada. Maƙeri ya ce, “Wannan albarushin mutanen da ne, ban san ko ƙarfena zai ɗauke shi ba. A fara gwada bindigar: a ɗaure ta jikin kuka, a ja kunamarta da igiya daga nesa, kamar yadda ake yi.” Maharbi ya ce shi ba ya harbin itace.

Ya shiga fadama da ƙanensa. Ɓauna ta taso, ya ɗana, ya ja. Iya takan tafa hannu da ƙarfi har mu zabura. “Bindiga ta tsage! Yatsu uku suka yi sama, ƙarfe ya yanke masa kunci har haƙori. Yana kwance cikin jininsa yana kallo ta soke ƙanensa a ƙirji, ta ɗaga shi, ta maka shi da ƙasa, ta sake sokewa.” A nan Iya take tsayawa. Ba ta taɓa gaya mana wanda ya kashe ɓaunar ba.

Yanzu ni ce tsohuwa, ina Dutse gidan ɗiyata. Rannan da la'asar na iske jikana Sadiku, mai karatu a jami'a, ya buɗe kwamfutar uwarsa, wadda take buga wa mutane takardu da ita. Da ita ake ci a gidan nan. Abokinsa ya ba shi wani tsohon wasan kwamfuta, na jarumi mai takobi yana ratsa kogo yana sare kawunan dodanni. Ya nuna mini a waya, jini har bango.

Na ce, “Maigidana, za ta ɗauka?”

Ya ce, “Haba amarya, wasan nan ya girme ni. Na duba, ƙwaƙwalwarta ta isa, wurin ajiya ma akwai. Abin da ke zana hoton ne kawai ban tabbatar ba. Amma zai yi.”

Na ce, “Maharbi ma haka ya zata.”

Na zaunar da shi na ba shi tatsuniyar Iya. Ya yi dariya, ya ce, “To ina zan samo kuka a Dutse?” Amma ya tashi ya ɗauko filas, ɗan abin nan na adana bayanai, ya kwashe aikin uwarsa kaf a ciki ya ajiye gefe, sannan ya kunna.

Jarumi ya ɗaga takobi, ya sare kai ɗaya. Hoto ya ƙame, fankar ciki ta hau kuka, allon ya yi baƙi. Sai da aka kai ta wajen mai gyara ya wanke cikinta tas. Sadiku ya mayar da aikin uwarsa, ko shafi bai ɓata ba.

Na daɗe ina zaton Iya tsoratar da mu kawai take yi. Sai ranar da Baba Tsoho ya kwanta ciwon ajali, ina budurwa, na kai masa ruwa, ya miƙo hannun dama ya karɓa. Yatsu biyu ne. Na dubi tabon kuncinsa da gemu ya rufe, na gane. Shi ne yake sa ta faɗa mana, kuma kullum yana zaune yana ji, har wurin da take tsayawa.