Rigar ceton da ta ƙi rufe mini tumbi

Muna idar da sallar asuba muka fito daga ɗakina na Camberwell, ni da yayana. Titi babu kowa sai mai rabon madara yana jera kwalabe a ƙofofin gidaje. Ina rungume da jakar guzuri, shi kuma Yaya yana tafe a gaba cikin kwat ɗinsa sabuwa dal da hula zanna a ka, kai ka ce taron ofis za shi. Bakin teku muka nufa. Tun yanzu zan faɗa muku mun dawo lafiya, alhamdu lillahi, domin ni kaina sai yau na fara cin abinci ina jin ɗanɗanonsa.

Ga waɗanda ba su san mu ba, ni ɗalibi ne a nan Landan, gwamnati ta turo ni karatun injiniya. Yaya babban ma'aikaci ne a Kaduna, ya zo wani kwas na ɗan lokaci. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, shi ya kai ni makaranta, kuma har yau idan ya shigo ɗaki miƙewa nake yi. Bakina ne ya jawo wannan tafiya. Na cika shi da labarin ƙungiyar kwalejinmu mai tuƙa kayak, wato wani siririn kwale-kwale na mutum ɗaya, rufaffe, wanda kake zura ƙafafunka a ciki ka tuƙa da filafili mai baki biyu. Yana ji ya ce sai ya je an ɗauke shi hoto a ciki ya kai wa mutanen ofis. Matsalar ita ce Yaya bai iya iyo ba. Mu mutanen tudu ne, iyakar ruwan da ya taɓa shiga shi ne kududdufin bayan gidanmu, shi ma iya gwiwa.

Bas mai hawa biyu muka shiga zuwa tashar jirgin ƙasa ta Waterloo. Na riga na kama mana kujerun talakawa, amma Yaya ya ce shi ba ya zama inda ake takura ƙafa, ya je ya ƙara kuɗi aka mayar da mu ɓangaren manya. Tun da kuɗin man fetur ya shigo aka yi ƙarin albashi, mutanenmu idan sun zo Landan ba sa tambayar farashi, sai dai su tambayi wanne ya fi tsada. Jirgin ya fita daga cikin baƙaƙen gidaje masu hayaƙi, muka shiga karkara kore shar. Yaya ya manne da taga yana ta santin shanun Turawa, wai ba su da tozo amma kowace ta yi biyun tamu. Shayin cikin jirgi salam ne, ga tsada, saboda haka muka buɗe namu fulas muka haɗa da burodi da dambun naman da matar Yaya ta ƙullo masa daga gida. Wata tsohuwa da ke gefenmu ta yi ta leƙe har sai da muka sammata. Ta ci, ta yi tari saboda yaji, ta sake miƙo hannu.

Da hantsi muka sauka a wani ƙaramin garin masunta a gabar kudu. Iskar garin ƙarnin kifi take yi, ga wasu fararen tsuntsaye marasa kunya da ke fizge abinci daga hannun mutum. Da Yaya ya hangi teku sai ya tsaya cak, ya yi salati a hankali, ya tambaye ni ina ɗaya gaɓar. Na ce masa Faransa ce, ba a hango ta. Na so a ce tsoro ya kama shi ya fasa, amma sai gyara hula da ya yi.

Shugaban ƙungiyarmu, wani Bature mai jan gemu da ke koyarwa a kwalejin, ya tarbe mu da fara'a. Ya tambayi Yaya ko ya iya ruwa, Yaya ya ce masa tun yana yaro yake shiga, wanda ba ƙarya ba ne idan ka lissafa da kududdufi. Sai aka jawo buhun rigunan ceto na ƙungiya, irin rigar nan mai soso a ciki da ke hana mutum nutsewa. Tsofaffi ne, sun koɗe, suna warin gumin jama'a. Yaya ya ɗaga ɗaya da yatsa biyu ya ce shi ba ya sa kwance. A nuna masa kanti.

Kantin yana kan mashigar jiragen kamun kifi, cike da igiyoyi da fitilu da takalman roba. Wata mata mai gilashi ce a ciki. Rigunan suna rataye jere, duk ruwan lemo, domin a hango mutum daga nesa. Akwai mai siffar falmaran wadda ke taimakon wanda ya iya iyo kawai. Akwai mai kaurin soso a ƙirji da ƙeya, wadda ko mutum ya suma za ta juyo da shi fuska sama, ga usur ɗaure a jikinta. Wannan ta biyun ita ce ta irin su Yaya, kuma Allah ya taimake ni ita ta fi tsada, don haka ita ya nuna ba tare da na ce uffan ba.

Wajen girma aka samu matsala. Yaya siriri ne, dogo, ba shi da nama ko kaɗan. Ni ne lukutin gidan. Kuma kun san tarbiyyarmu, babban mutum ba ya sa matsattsun kaya, riga sai da yalwa, sai tana shan iska. Matar ta miƙo masa daidai jikinsa, ya sa, ya dubi madubi, ya cire ta da sauri ya ce wannan ai ta 'yan dambe ce. Ya sa hannu ya ɗauko mafi girma a kantin. Ya zura, ya ɗaure maɗauran har ƙarshensu, amma duk da haka hannu biyu zai shige tsakaninta da ƙirjinsa. Ya juya hagu, ya juya dama, ya ce yawwa, yanzu aka yi riga.

Ni kuwa na san abin da babbar riga ke yi. A wajen koyon iyo na kwaleji na taɓa ganin wani siririn ɗalibi ya faɗa ruwa da irinta. Rigar ta taso sama ta rufe masa fuska, shi kuma ya zame ta ƙasa, sai da aka kamo shi ta gashi. Yadda ake gwadawa kuwa shi ne a kama kafaɗun rigar a ja sama da ƙarfi, idan ta wuce kunne to ba taka ba ce. To wa zai kama kafaɗar Yaya ya jijjiga shi a gaban mutane? Matar ta tambaye shi cikin ladabinsu na Turawa ko ya tabbata ta yi masa daidai. Ya ce ƙwarai da gaske. Ta dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Ban taɓa ce wa Yaya ya yi kuskure ba tun da nake, kuma na san idan na faɗa a gaban baƙuwa, ko don kada a ce ƙaninsa ya gyara masa, ba zai canja ba. Na tuna matarsa da 'ya'yansa a Kaduna, na tuna Inna, na rasa da wane baki zan je musu.

Da ma ina da niyyar sayen tawa in huta da ta ƙungiya. Sai na ce wa matar ta ba ni waccan da Yaya ya cire. Ta sauke gilashi ta dubi tumbina, ta dubi rigar. Na ce ita nake so. Na sa ta da ƙyar, maɗaurin ciki ya ƙi haɗuwa, na riƙe numfashi har idona ya yi ja. Yaya ya yi dariya har da dafa teburin kantin, ya ce rowa ce za ta kashe ni, wai na zaɓi ƙarama don a rage mini kuɗi. Na bar shi ya yi dariyarsa, na biya muka fito.

A bakin ruwa, ana ta jawo jirage kan tsakuwa, na yi ta kokawa da rigar inda zai gan ni. Sai da na tabbatar yana kallo, sannan na matsa kusa da shi na rage murya.

“Yaya, ta ƙi rufuwa. Kuma Baturen nan ba zai bar ni in shiga haka ba. Ka taimake ni da taka.”

Ya harare ni, ya ce kullum sai na ja masa asara. Amma abu ɗaya na sani game da Yaya, bai taɓa hana ni abin da na roƙa ba. Ya cire ya miƙo mini, ya karɓi ƙaramar yana tsaki. Na durƙusa na ɗaure masa maɗauran da hannuna, na ja su tamau, har da wanda ke bi ta tsakanin cinyoyi. Da na miƙe na yi kamar ina kaɗe masa yashi a kafaɗa, na ja rigar sama. Ko motsi ba ta yi ba. Tasa kuwa ta zauna mini ɗas.

Muka shiga. Ruwan cikin mashigar lumui yake, kore, kana hango tsakuwar ƙasa. Yaya ya ajiye kwat amma ya ƙi rabuwa da hula. Da farko jirginsa zagaye kawai yake yi, daga baya ya gane hannu, har ya fara yi mini tsiya wai nawa ya nutse rabi saboda nauyi. Muka bi gindin wasu fararen duwatsu masu tsayi, rana ta fito, na fara cewa a raina wahalar banza na sha.

Da muka kai inda dutsen ya ƙare, ruwa ya canja, ya fara ɗagawa yana saukewa. A nan ne mai jan gemu ya fito da kyamara. Yaya ya saki tuƙi, ya ɗaga filafili sama da hannu biyu yana murmushi. Wata igiyar ruwa ta zo ta gefe, ba ma babba ba. Kafin in ƙifta ido gindin jirginsa ne a sama.

Ban san tsawon lokacin ba, kuma ba na son in sani. Hular ce ta fara tasowa ita kaɗai. Na ji ina kiran sunan Allah da wata murya da ban san ina da ita ba. Sai ga launin ruwan lemo ya ɓullo, rigar ta juyo da shi rigingine, sosonta na ƙeya ya tallafe masa kai. Idanunsa a waje, bakinsa a buɗe, sanyi ya ɗauke masa numfashi ko ihu ya kasa. Hannuwansa duka a sama suke yana dukan iska, kuma da hannu a sama haka ne mutum ke zamewa daga babbar riga. Wannan ba ta gusa ba. Baturen da wata ɗaliba suka iso suka sa shi a tsakiya, ya rungume hancin jirgi, aka ja shi zuwa wata 'yar gaɓa da ke kusa. Ni kuwa da ƙyar na kai kaina gaɓar.

Aka naɗe shi da bargo, aka ɗura masa sauran shayinmu. Da bakinsa ya daina karkarwa, tambayar farko da ya yi ita ce ko hoton ya fita. Ta biyu, ina hularsa. Hula dai ta tafi Faransa. Na zauna a kan tsakuwa na yi dariya har hawaye suka zubo, kuma ba duka na dariya ba ne. Da muka koma gari muka sayi soyayyen kifi da dankali a naɗe cikin jarida, bayan na tabbatar ba da man alade aka soya ba. Yaya, wanda da safe ya ce ba ya cin abinci a takarda, ya cinye nasa ya sa hannu a nawa.

A jirgin dawowa bai yi maganar shanu ba. Rigar tana kan cinyarsa, har lokacin da danshi, yana ta murza usur ɗin da yatsa. Mun kusa shiga Landan, fitilun unguwanni sun fara bayyana, sai ya yi magana ba tare da ya dube ni ba.

“Kai da kake aiko mini da takalmi daga nan ba ka taɓa kuskuren awo ba, yau ne za ka kasa sanin girman cikinka?”

Na sunkuyar da kai, shi kuma ya ci gaba.

“Nan gaba idan ka ga zan halaka, ka buɗe baki ka faɗa mini.” Ya saki usur ɗin. “Amma ba a gaban mutane ba.”

Na ce to, Yaya.

Mun iso Camberwell ana shirin magariba, muka yi salla, sujadata ta yi tsawo. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne rigar ceto ba babbar riga ba ce, wadda ta kama jiki ita ce taka, kuma a ja ta sama a gwada ko da mai ita ya girme ka. Na kuma gane cewa kunyar da nake ji ta Yaya ta kusa sa in rasa shi, kuma ba kullum za a samu riga ta biyu a kanti ba. Yanzu haka rigar da ta cece shi tana rataye a bayan ƙofata tana bushewa. Yaya ya ce da ita zai koma Kaduna, kuma na ji shi jiya yana ba wani abokinsa labari a waya cewa shi da kansa ya zaɓe ta. Da Yaya ya ajiye waya na ja shi gefe, mu biyu kawai, na ce masa ba haka aka yi ba. Ya dube ni, ya yi murmushi, ya ce in je in ɗora shayi.