Kawu Sati da Kwaɗin Kududdufi

Kawu Sati yayan mahaifiyata ne. Ya yi aikin gadi a Samaru har ya yi ritaya, amma idan aka tambaye shi sana'a, manomi yake cewa. A bayan gidansa a Bomo akwai kududdufi, ramin da aka haƙi ƙasar ginin ɗakunan da yake ba ɗalibai haya. A gefen ramin ya yi lambun alayyafo da kuɓewa.

A shekarar 2003 ya ga wani a Palladan yana kiwon tarwaɗa, ya dawo gida ba shi da zance sai na kifi. Ranar Lahadi ya miƙe a gaban ikilisiya ya ce a godiyar kaka ta bana ba masara zai kawo ba, tarwaɗa ce daga ruwan gidansa. Aka yi ta tafi. Matarsa, Inna Lucia, ta sunkuyar da kai, don ta san mijinta: in ya furta magana, gara ya rasa riga da ya janye ta.

Ya yashe kududdufin, ya kewaye shi da zana. Ruwan farko na sauka ya hau keke zuwa Sabon Gari, ya sayo 'ya'yan kifi da ba su kai ɗan yatsa ba. Mai sayarwar, wata mata mai suna Oby, ta ba shi shawara ya bari damina ta zauna, ko ya ɗauki waɗanda suka ɗan tasa. Kawu ya ce a gidansu ba a barin ruwan farko ya wuce ba a yi shuka ba.

Ashe ba shi kaɗai ke jiran ruwan farko ba. Kwaɗin da suka ɓuya duk rani suka fito, suka nufo ramin da aka ƙyanƙyashe su. Zana ba ta hana su ba. Kafin mako ya zagayo ruwan ya cika da ƙwai mai yauƙi kamar miyar kuɓewa. Manyan suna haɗiye kifin, 'ya'yansu suna cinye abincin da Kawu ke zubawa.

Ya fara kwashe su a buhu yana kai su rafi wajen ƙauyen Jama'a. Maƙwabcinsa Malam Hamza yakan leƙo ta katanga ya ce, "Sati, ka dai ba su guzurin dawowa ko?"

Don ya rufe masa baki, Kawu ya ɗaura wa wani ƙato jan zare a ƙafa kafin ya sake shi. Wata safiya sai ga kwaɗo da jan zare zaune a bakin ruwa. Inna har gobe Malam Hamza take zargi da dawo da shi. Kawu kuwa ranar ko kunu bai sha ba.

Da kaka aka kwashe ruwan. Kifin da aka samu bai cika kwano ba. Kawu ya ɗauki buhun masara, ya zauna a bencin baya a coci. Da damina ta dawo ya sake zuba kifi, da ruwan farko dai. Ta bayanta ma haka. Inna ta roƙe shi ya jinkirta, ya ce wanda ya yi lattin shuka shi ke roƙon hatsi. Oby ta ce ya kawo mata manyan kwaɗin, busassu suna da kasuwa. Ya ce kifi ya yi alkawari, ba zai zama Sati mai kwaɗi ba. Sunan da yaran unguwa suka riga suka sa masa ke nan.

A rani na huɗu ya sa aka cike ramin da jar ƙasa. Bai ƙara zancen kifi ba, kuma tun daga nan ba a dafa tarwaɗa a gidan.

Ina gidan lokacin da ruwan farko ya sauka. Da safe muka fito, sai ga kwaɗi jere a kan jar ƙasar, daidai inda ramin yake a da. Wasu sun shige bahon wankin Inna, har sun zuba ƙwai a ciki. Ta ɗauko tsintsiya, Kawu ya riƙe mata hannu. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya yi tsaki.

"Bar su, Lucia," ya ce. "Su dai ba su taɓa saɓa alkawari ba."