Zakunan Sanusi

Kakata tana da maza biyu a Faransa, ni da Sanusi. Haka take gaya wa duk baƙon da ya shigo, irin wasan nan na kaka da jika. Sanusi ɗan ƙanen babana ne, yana Aubervilliers a gefen Paris, mu kuma muna Rillieux, arewa da Lyon, a hawa na shida. Tun da aka kawo ta daga Maraɗi don maganin ido, 'ya'yanta biyu suka raba ta, wata shida can, wata shida nan, rabonmu kuma ya faɗo a lokacin sanyi. Shi "angona" take ce masa. Ni kuwa "tsohon miji", wai don na girme shi da wata huɗu. Kowa dariya yake yi in ta faɗa, ni dai ban taɓa ganin abin dariya a ciki ba.

A Maraɗi, in ji ta, a gindin murhu ake tatsuniya. Mu murhunmu ƙarfen ɗumama ɗaki ne da ke manne da bango a ƙarƙashin taga. Bayan magariba sai ta shimfiɗa darduma ta jingina da shi, ƙafafunta cikin safar babana, ni da ƙanwata Hadiza mu zauna a gabanta. Ta ce, "Ga ta nan ta taso, wa zai tare ta?" Mu ce, "Mu ne, ta iso."

Da farko Gizo da Ƙoƙi muke ji. Amma wata shekara ta dawo daga Paris da sabuwar tatsuniya. Akwai wani tsoho ɗan Spain a ƙasan benen su Sanusi, shi ya ba shi riga mai ratsin ja da fari, ya cika masa kunne da tarihin ƙungiyar ƙwallon garinsu. Sanusi ya juye wa Kaka, ita kuma ta dafa abin da irin nata kayan miya.

Wai an yi wani gari a bakin teku, a arewacin Spain, garin maƙera da masu jirgin ruwa, inda ruwan sama ba ya gajiya. Wata rana baƙi suka sauko daga jirgi da wata ƙwarya ta fata suna dukanta da ƙafa. Samarin gari suka kalla, suka koya, har suka fi masu abin. Sai dattawa suka taru suka yi alkawari: ba za su sayi ɗan kowa ya buga musu ba, sai nasu. Manyan birane suka buɗe taskoki suna sayo gwanaye daga ƙarshen duniya, su kuwa suna reno. Da 'ya'yan maƙera suka ci kofin ƙasa, suka sake ci, suka ci na sarki har aka gaji da lissafi. In sun ci, sai a ɗora su a kan kwale-kwalen ɗaukar kaya a bi da su tsakiyar kogi, gari duka a baki biyu yana guɗa. Ana ce musu zakuna. Kuma tun da aka kafa babban rukunin wasan ƙasar, ba a taɓa kore su zuwa na ƙasa ba.

"Ka ji ɗiyan halak," take cewa, tana kallona ta gefen idon da ke gani. "Angona ya san abin da ya zaɓa. Yaron nan akwai hankali."

Abin ya ci mini rai, ba kaɗan ba. A Maraɗi aka haifi Sanusi, a ɗakinta, ita ta yanke masa cibiya. Ni a asibitin Lyon na faɗo, Hausata ma tana ɗingishi. Duk lokacin da ta ce "sai nasu", ni abin da nake ji shi ne ba na ciki. Ga shi a shekarun nan ƙungiyar garinmu ce ke cin kofin Faransa shekara bayan shekara. Na nuna mata a talabijin, na manna hotuna a bangon da take jingina. Ta ɗaga kai ta ce, "Waɗanga na kasuwa?" Ta koma kan tasbaharta.

A hutun ƙarshen wata shekara, ina da sha biyu, aka sako Sanusi a jirgin ƙasa ya zo mana kwana huɗu, da rigarsa mai ratsi a kan rigar sanyi. Ni kuwa na shirya masa. Na shiga ɗakin karatun makarantarmu na bincika tarihin zakunan nan, na buga a takarda, na ninke a aljihu.

Kwana uku Kaka ba ta taɓa zancen zakuna ba, sai Gizo. Ranar ƙarshe Hadiza ta nace sai an yi ta zakuna. Kaka ta yi ta kauce-kauce, daga baya ta fara, murya ƙasa-ƙasa, ba ta ko kallon Sanusi. Shi kuwa ya buɗe baki kamar bai san labarin ba. Tana kaiwa wajen alkawarin dattawa na miƙe na zaro takardata.

"Ƙarya ne," na ce. "Akwai waɗanda aka haifa a nan Faransa suna buga musu. Kuma rabon da su hau kwale-kwalen nan tun ba a haife mu ba."

Kaka ta dube ni, ta dubi takardar.

"To, malam ya taho da littahi," ta ce. "Mai littahi shi ya san ƙarshe. Ku tashi ku ci tuwo."

Ba ta rufe tatsuniyar ba. Kullum da kan ɓera take rufewa, ta ce ya ƙone kowa ya kama gabansa, amma ranar nan haka ta bar ta a buɗe. Ba ta kai ƙarata wajen babana ba, ba ta kuma sake faɗin zakuna a gidanmu ba. Na ɗauka na yi nasara. Sai dai daga ranar Gizo ma ya daina yi mini daɗi.

Ta rasu ina jami'a. A Aubervilliers aka yi addu'ar arba'in, da rana, aka ci fura da masa aka watse. Muka rage ni da Sanusi a kicin muna wanke kofuna. A lokacin zakunansa sun kai wasan ƙarshe a Turai sun faɗi, na tsokane shi da haka, don hali ba ya barin mutum.

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ka san sau ɗaya tak na taɓa jin ta faɗi tawa? Ita ma ka katse."

Na ce wace irin magana ce wannan, ba kullum yana ji a Paris ba?

"A Paris taka muke ji. Garin da ke tsakanin koguna biyu, mai tara baƙi daga ko'ina ya mai da su 'yan gida, su yi ta ci har maƙwabta su daina gaishe su. Kullum sai ta ce tsohon mijinta ya san abin da ya zaɓa, yaron nan akwai hankali. Shekara nawa ina jin haushinka, Lawali."

Na tsaya da kofi a hannu. Sai a lokacin na gane abin da duk ɗan Maraɗi ya sani tun yana goye: babba ba ya yabon yaro a gaban idonsa. Yabona tana kai shi Paris, nasa tana kawo shi Lyon, tana zaton za mu tashi kowa yana ganin girman ɗan'uwansa. Wataƙila da a gida ne da hakan ta yi. Mu kuwa yaran bene ne, abin da ba a faɗa mana a fuska ba ba mu san da shi ba. Ta yi kuskure, mun yi kuskure, amma ni kaɗai na ce mata ƙarya take yi.

Na ce wa Sanusi ya ba ni tawa. Ya goge hannu ya ja kujera, ya ce sai na fara biyan tasa, daga inda na katse. Na faɗa masa ita duka, da kwale-kwalen da guɗar, na rufe da kan ɓera. Shi ma ya ba ni tawa, da muryarta, har da yadda take jan sunan Lyon. Muka yi kuka, muka yi dariya.

A jirgin komawa na auna su biyun a raina. Allah Ya jiƙan Kaka, amma tasa ta fi tawa tsawo.